Yadda ake sabunta sit ɗin babur da kuɗi kaɗan

Sit ɗin babur hawa uku ne: faranti a ƙasa, na roba ko na ƙarfe, sai soso a tsakiya, sai leda a sama. Ledar ce ido ke gani, shi ya sa da ta yage sai a je a sayo riga a yafa a kai. Amma idan ruwa ya riga ya shiga soso, ko soson ya lotsa har kana jin faranti a ƙashinka, sabuwar riga ba ta gyara komai ba, ta dai rufe ɓarnar. Aikin gaskiya a faranti da soso yake, sai kuma tsarin da ka bi wajen ɗame leda. Wannan bayani ya shafi dogon sit irin na Bajaj Boxer da Jincheng da TVS da Haojue, kuma haka ake yi wa ƙananan babura na roba-roba.

Kayan da za ka tanada

- Ledar sit yadi ɗaya. Yakan isa dogon sit har ya yi saura. Ka nemi mai yadi manne a bayanta, wadda idan ka ja ta da hannu take miƙewa ta dawo. Ledar kujerar falo mai laushi da sheƙi ba ta jure rana.
- Soso iri biyu: mai tauri, wato mai haɗe-haɗen launi da aka matse gutsattsarin soso aka yi shi, kauri inci 1 zuwa 2, da kuma siriri mai laushi, rabin inci, na shimfiɗawa a sama. Masu kushin da masu katifa suna da ragowar yanka, kuma sun fi sabon falle araha nesa ba kusa ba.
- Gam irin na masu gyaran takalma, wanda ake shafa wa ɓangare biyu, kamar Evo-Stik. Ƙaramin gwangwani ya isa.
- Farar leda marar kauri, irin wadda ake naɗo sabuwar katifa a ciki, don tare ruwa.
- Sitefila ta masu kushin da fin mai ƙafa milimita 6. Idan farantin yana da kauri, milimita 8.
- Sifana 10 da 12, sukudireba mai faɗin baki, filaya, almakashi, reza sabuwa, bakin zarton ƙarfe ko doguwar wuƙa mai kaifi, samfefa mai kaushi, alli ko maka, tef ɗin awo.
- Idan farantin ƙarfe ne: burushin waya da jan fentin maganin tsatsa.

Sitefila ce ta fi tsada a cikin kayan nan, kuma ba sai ka saya ba. Ka yi sauran aikin a gida, ka kai wa mai kushin ya harba maka fin, ko ka ara ta yini ɗaya. Sitefilar ofis ba ta huda robar faranti, kada ka ɓata lokacinka a kanta.

1. Cire sit daga babur

A yawancin manyan babura noti biyu ne ke riƙe da sit ta baya, hagu da dama, wani lokaci tare da kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na baya. Gaban kuma harshe ne da ke shiga ƙarƙashin tanki. Ka kwance notin, ka ɗaga baya kaɗan, ka ja sit ɗin zuwa baya. Kada ka ɗaga shi sama da ƙarfi, domin nan ne harshen gaba ke karyewa, kuma gyaransa ya fi gyaran leda wahala. A roba-roba, makulli ke buɗe sit, sai ka kwance notin da ke wurin maratayarsa ta gaba.

Ka zuba noti da washa a gwangwani. Ka kifa sit ɗin a kan buhu ko tsohuwar tabarma, ka ɗauki hoton ƙasansa da waya ta gaba da baya da kusurwoyi. Hoton zai nuna maka inda aka ninke leda da inda aka tsaga ta, lokacin da za ka mayar.

2. Cire tsohuwar leda ba tare da ka yayyaga ta ba

Tsohuwar ledar ita ce ma'auninka, don haka ka cire ta a hankali ko da ta mutu. Ka cusa bakin sukudireba a ƙarƙashin kowane fin, ka murɗa ya ɗago, ka zare da filaya. Duk wanda ya karye ya bar ƙafa a ciki, ka zare ƙafar, domin ita ce za ta huda sabuwar leda daga baya ko ta yanke ka a yatsa.

Farantin ƙarfe, irin na tsofaffin Jincheng da Honda, ba fin ke riƙe da ledarsa ba, haƙora ne masu tsini da aka lanƙwasa a kanta. Ka ɗaga kowane haƙori iyakar yadda leda za ta fita, kada ka miƙe shi tsaye. Ƙarfen siriri ne, kuma ya sha tsatsa. Lanƙwasa biyu ko uku ya ɓalle.

Idan akwai bel ɗin da fasinja ke riƙewa a tsakiya, ka kwance shi tukuna, ka yi alamar wurinsa a faranti.

3. Duba faranti

Ka ɗaga soso daga faranti. Idan gam ya riƙe shi, ka bi da wuƙa a kwance kana rabawa. Ka wanke faranti da ruwa da omo, ka shanya.

Idan na ƙarfe ne, ka goge tsatsa da burushin waya har ƙarfe ya fito, ka shafa jan fenti, ka bar shi ya kwana. Ramin da tsatsa ta ci ko tsagewa kusa da wurin noti, mai walda zai ɗora masa ƙaramin ƙarfe. A yi waldar kafin fenti, kuma soso na nesa da wurin, domin yana kama wuta nan take.

Idan na roba ne kuma ya tsage, gam ba ya haɗa tsagar irin wannan roba, ko da sufagulu ce. Zai yi kamar ya kama, rana ɗaya a gargada ya saki. Abin da ke aiki shi ne ɗinki. Ka ɗora ƙusa a wuta, ka huda rami ɗaya a daidai ƙarshen tsagar, wannan ramin ke hana ta ci gaba. Sannan ka huda ramuka biyu-biyu a gefe da gefen tsagar, tazarar inci ɗaya, ka ɗinke da waya marar tsatsa, ka murɗa bakin wayar ta ƙasa, ba ta ɓangaren soso ba. Wanda ke da ayan ɗin masu gyaran rediyo zai iya narka bakin tsagar ya cike da ɓallin roba daga wani mataccen faranti irinsa. Idan harshen gaba ko wurin noti ne ya ɓalle gaba ɗaya, ka nemi tsohon faranti wurin masu kayan gwangwan ko bakanike, ya fi kwanciyar hankali.

Ka ƙirga robobin da ke ƙasan faranti, waɗanda ke zama a kan firam. Idan ɗaya ta faɗi, faranti yana dukan ƙarfe kai tsaye, kuma yawanci wannan ne ya tsaga shi tun farko. Ka yanko guntun tsohuwar taya ko ka ninka robar tiyub daidai kaurin sauran, ka ɗaure da waya a gurbin.

4. Gyaran soso

Nan ne za ka fi daɗewa, kuma nan ne ake gane ko an yi aiki.

Da farko ka matse soson da hannu. Idan ruwa ya fito ko yana warin ruma, ka shanya shi a rana yini ɗaya ko biyu, kana juyawa kana matsewa, har tsakiyarsa ta bushe. Saman soso yakan bushe cikin awa biyu ya yaudare ka, alhali cikinsa jiƙe yake. Gam ba ya kama jiƙaƙƙen soso, kuma ruwan da ka rufe a ciki zai ci gaba da cin faranti.

Bayan ya bushe, ka danna babban yatsa a wurare daban-daban. Inda ya dawo nan da nan, da ransa. Inda ya zauna a lotse, ko yake marmashewa kamar gari, ya mutu. Yawanci wurin zaman direba ne ke mutuwa, da gefen da leda ta yage rana ta ci. Idan abin da ya mutu bai kai rabi ba, faci za ka yi, ba sai ka sauya duka ba. Soson kamfani an zuba shi ne daidai siffar faranti, kuma sassaƙa irinsa da hannu yana da wuya, saboda haka duk abin da za a iya ceta a cece shi.

Yadda ake facin: ka zana murabba'i da maka kewaye da wurin da ya mutu, ka shiga cikin mai rai da kamar rabin inci. Ka yanke da reza ko wuƙa, bango a tsaye, ƙasa a shafe, zurfin inci 1 ko 1 da rabi. Rami mai tsari ya fi sauƙin cikewa fiye da mai kwazazzabo. Ka yanko soso mai tauri wanda ya ɗara ramin da kamar kwata inci ta kowane gefe, ya kuma ɗara shi tsayi kaɗan, don ya shiga a matse. Ka shafa gam siriri a cikin ramin da jikin facin, duka biyu, ka jira minti 5 zuwa 10. Ka taɓa da bayan yatsa: idan yana danƙo amma bai biyo yatsa ba, lokaci ya yi. Ka saka daidai tun farko, domin da sun haɗu ba sa gyaruwa.

Kuskure biyu ake yi a nan. Na farko, haɗawa gam na ɗanye, sai ya ƙi kamawa ya yi ta zamewa. Na biyu, zuba gam da yawa: soso ya shanye shi, ya bushe ya zama dunƙule mai tauri, ka riƙa jinsa a zaune kullum. Sufagulu kuma kada ta kusanci soso, tana ƙona shi ya taurare. Ka yi aikin gam a waje inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu da sigari.

Kada ka cike rami da soson katifa mai laushi. A hannu yana da daɗi, amma nauyin mutum yana matse shi har ƙasa cikin mako biyu. Mai tauri shi ke ɗaukar nauyi, mai laushi na sama ne kawai. Idan ba ka sami mai haɗe-haɗe ba, ka nemi mataccen sit na wani babur ka yanko ɓangaren fasinja, wanda sau da yawa yake da sauran ƙarfi. Tsumma da auduga da buhu ba sa maye gurbin soso. Suna dunƙulewa kuma suna riƙe ruwa.

Bayan kamar awa ɗaya, ka sassaƙe facin da bakin zarto, kana ja a hankali a kwance, har ya yi daidai da sauran. Ka bi da samfefa da aka naɗa a guntun katako, kana shafawa ta fuska ɗaya. Idan kana kai da komo da ƙarfi soso yagewa yake. Ka shafa tafin hannu ido a rufe, duk tudun da hannu ya ji, leda za ta nuna shi.

Kafin ka ci gaba, ka ɗora faranti da soso a kan babur ka zauna. Ƙafafunka su taka ƙasa kamar da. Masu achaba da kabu-kabu da ke yini a kai sukan so ƙarin kauri, kuma yana taimaka wa ƙugu, amma kada ƙarin ya wuce inci ɗaya, kuma kada ka faɗaɗa gaban sit inda cinya ke sauka. Faɗin gaba ya fi tsayi hana ƙafa kaiwa ƙasa. Wurin zama ya kasance a shafe ko da ɗan kwari kaɗan. Idan ya gangara gaba, duk birki sai ka zame ka daki tanki.

Idan ka gamsu, ka manne soso da faranti da gam a wurare kaɗan, sannan ka shimfiɗa siririn soson nan na rabin inci a kan duka, ka manne shi, ya sauko har gefe. Shi ke ɓoye layin faci. Ka yanke shi daidai bakin faranti, kada ya zagaya ƙasa, in ba haka ba fin ba zai kai roba ba.

5. Ledar tare ruwa

Ka yafa farar ledar a kan soso, ta zagayo ƙasa da inci ɗaya, ka kama ta da ɗigon gam a bakin faranti. A bar ta sako-sako kaɗan don kada ta fashe idan an zauna. Saman da gefe kawai za ta rufe. Ƙasan faranti da ramukansa a bar su a buɗe, ta nan soso ke fitar da iska. Amfaninta biyu: ruwan da ya bi ramin ɗinki ba zai kai soso ba, kuma ledar sit za ta riƙa zamewa a kanta lokacin ɗamewa maimakon ta riƙa jan soso.

6. Yankan sabuwar leda

Ka ja ledar ta tsawo, ka ja ta ta faɗi. Za ka ji ta fi miƙewa ta fuska ɗaya. Wannan fuskar ita za ta bi faɗin sit, daga hagu zuwa dama.

Sit mai shafaffen baya, marar tudu tsakanin direba da fasinja, falle ɗaya ya ishe shi ba ɗinki, kuma wannan ya fi tare ruwa. Ka auna tsawo da faɗi ta kan soso, daga baki zuwa baki, ka ƙara inci 3 ta kowane gefe. Wannan rarar ita ce abin kamawa. Wanda ya yanka daidai-wa-daida don tsimi ba zai sami abin ja ba.

Sit mai tudu ko mai tsayin gefe sai da ɗinki. Ka farke ɗinkin tsohuwar ledar, ka shanya gutsattsarin a rana su yi laushi, ka shimfiɗa su a bayan sabuwar, fuska a ƙasa, ka zana da alli. Ka bar rabin inci na ɗinki, da inci 2 a gefen da zai zagaya ƙasa. Tsohuwar ta riga ta miƙe, don haka kada ka ƙara mata faɗi a sama. Idan gefe ɗaya ya lalace, ka zana mai kyau ka juya shi. Ka sa alamar tsakiya a gaba da baya a kowane yanki. Ka kai wa mai kushin ko tela mai babban keke, ka ce ya yi da zaren nailon kuma ya buɗe tazarar ɗinki, kamar milimita 4 zuwa 5. Ɗinki mai ƙanƙanta yana jera ramuka kusa da kusa, da an ja leda sai ta tsage ta bin layin. Zaren auduga kuwa damina ɗaya ke ruɓar da shi.

Idan rigar da aka riga aka ɗinka ka saya wurin masu sifiya, ka tabbatar ta samfurin babur ɗinka ce, ka tsallake wannan mataki.

7. Ɗamewa da bugun fin

Ka shanya ledar a rana minti 10 zuwa 15 har ta yi ɗumi da laushi. Leda mai sanyi ba ta miƙewa, musamman da safiyar hunturu. Ka jira hantsi. Kada ka kanga ta a wuta ko garwashi.

Ka yi alamar tsakiya a faranti gaba da baya, ka daidaita da ta leda. Tsarin bugu shi ne:

- Fin biyu ko uku a tsakiyar gaba.
- Ka ja zuwa baya da ƙarfi matsakaici, fin biyu ko uku a tsakiyar baya.
- Ka juya sit ka duba: layin ɗinki ya miƙe? Idan ya karkace, yanzu ne lokacin cirewa.
- Sai tsakiyar gefe, a wurin da sit ya fi kwari. Ka ja hagu ka buga, ka ja dama da ƙarfi iri ɗaya ka buga.
- Daga nan ka riƙa tafiya inci biyu hagu, inci biyu dama, kana nufar gaba, sannan ka dawo ka nufi baya.
- Kusurwoyi su ne na ƙarshe.

Wanda ya gama gefe ɗaya kaf kafin ya taɓa ɗayan, ledarsa za ta karkace, kuma tattarar da ta taru ba ta da wurin zuwa. Ka riƙa juya sit kana dubawa bayan kowane fin huɗu ko biyar. Cire fin uku ba komai ba ne, cire talatin ne ke lalata leda.

Fin ya zauna kamar rabin inci daga bakin faranti, a kwance yana bin bakin, tazarar rabin inci zuwa inci ɗaya tsakaninsu. Ka bi layin tsofaffin ramuka amma kada ka buga cikinsu. Ka danna bakin sitefila sosai a jikin roba, ka sa katako a ƙasa ya tokare wurin. Idan faranti yana lanƙwasawa lokacin bugu, fin ba ya shiga, sai ya tanƙware. Wanda ya shiga rabi, ka ƙarasa shi da ƙaramar guduma. Kada ka sa fin mai tsawon milimita 10 ko fiye a gefe, inda soso ba kauri: zai ɓullo ta ɗaya ɓangaren ya huda leda ko cinya.

Ƙarfin ja yana da iyaka. Leda ta kwanta sumul, amma idan ka ga soso ya lotsa a baki yana yin tudu-tudu tsakanin fin da fin, ka ja da yawa. A kusurwa, ka tattara rarar a ƙananan ninki da yawa ta ƙasa, kowanne da fin ɗinsa, maimakon babban ninki ɗaya da zai leƙo ta gefe. Idan ledar ta huce tana gardama, ka mayar da sit ɗin rana minti biyar.

A farantin ƙarfe tsarin ɗaya ne, sai dai maimakon fin, za ka ja leda ta wuce haƙori, ka danna ya huda ta, ka kwantar da shi da guduma. Inda haƙori ya ɓalle, ka huda rami ka sa ribit da washa, ko ka shafa gam a ƙarfe da bayan leda ka matse da maƙalan shanya har ya kama.

Idan sitefila ta gagara sam, akwai hanyar ɗaure. Ka ninke bakin leda, a ɗinke shi ya zama kamar wurin zura mazugin wando, ka zura igiyar nailon mai ƙarfi, ka ja ta tsuke a ƙarƙashin faranti, sannan ka yi zigzag da wata igiyar daga hagu zuwa dama a wurin kwari. Ba ta kai fin kyau ba, kuma sai ka riƙa ƙara ɗamewa, amma tana riƙewa. Ƙananan sukurori masu washa ma suna yi a farantin roba, in dai gajeru ne.

8. Gyara baki da mayarwa

Ka yanke rarar leda da reza, ka bar kamar kwata inci bayan layin fin. Ka buɗe wurin noti da harshen gaba da robobin ƙasa. A babura da yawa bakin shan iskar inji yana ƙarƙashin sit, kuma rarar leda ko farar leda da ke lilo tana iya toshe shi, babur ya riƙa shaƙewa ana neman laifin kafireto. Ka mayar da bel ɗin fasinja, ka zura harshen gaba, ka ɗaure noti biyun kaɗan-kaɗan bi da bi kafin ka matse. Ka girgiza sit da hannu. Idan yana motsi, harshen bai shiga gurbinsa ba ko wata roba ta faɗi.

Ƙananan tattara sukan baje da kansu bayan yini biyu a rana. Wadda ta rage bayan mako, ka cire fin na wurin ka sake ja.

Kada ka shafa wa sabon sit man gyaɗa ko bakin mai ko man sheƙin taya. Santsi yake sa shi, kuma santsi a kan sit haɗari ne lokacin birki. Ruwa da sabulu sun isa. Fetur da ya zubo daga tanki a gidan mai, ka goge shi nan take, shi ke busar da gaban sit ya fara tsagewa. Idan za a ɗaura buhu ko jarka ko ƙarfe, a shimfiɗa tsohon bargo ko kwali tukuna, kuma ƙugiyar roba ta kama kariya, ba bakin sit ba. Ƙaramar yagewa da ba ta kai inci biyu ba, ka yanko ragowar ledar da ka ajiye, ka cusa ta ta ciki da gam a ranar da ka gan ta, kafin ruwan sama na gaba ya sami hanya.